Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitocin Gyaran Kundin Tsarin Mulki: A Raba Kujerar Antoni-Janar Da Ta Ministan Shari'a

Zuwa ga Mai Girma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, da Mai Girma Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Honarabul Benjamin Kalu, da dukkan mambobin kwamitocin da suke jagoranta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan wannan nauyi da ƙasa ta ɗora muku.

Ni lauya ne mai zaman kansa a Kano, ba na cikin manyan da ke hawa jirgi zuwa Abuja da jakar shari'un biliyoyi. Masu hawo matakalar ofishina 'yan fansho ne, da ƙananan 'yan kasuwa, da iyayen da aka tsare 'ya'yansu ba a ce musu ga ranar shari'a ba. Da yawunsu nake magana. Ba su taɓa ganin Antoni-Janar ido da ido ba, wasu ma ba su san sunan wanda ke kan kujerar ba, amma abin da ya sa wa hannu da abin da ya ƙi sa wa hannu yana iso su har tsakar gida.

Mun bi zaman jin ra'ayin jama'a da kuka yi a shiyyoyi a 2025. Maganar ƙirƙiro sababbin jihohi ta cika zaure, haka ta 'yan sandan jihohi da kujerun mata. Batun raba ofishin Antoni-Janar da na Ministan Shari'a kuwa bai samu ko rabin wannan kulawa ba, kuma tsorona shi ne ya sake bin hanyar da ya saba bi: a ambace shi, a yaba, a bar shi a ƙasan fayil har Majalisa ta tashi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kun fi ni sanin abin da kundin 1999 ya ce, amma bari in maimaita saboda masu karatu. Sashe na 150 ya ce Antoni-Janar shi ne babban jami'in shari'a na Tarayya, kuma minista ne a gwamnati. Sashe na 174 ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi a kan kowa, da karɓe ƙarar da wani ya shigar, da janye ta a kowane mataki kafin a yanke hukunci. Sassa na 195 da 211 sun ba takwarorinsa na jihohi irin wannan iko. Tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce idan ya janye ƙara babu kotun da za ta tambaye shi dalili. Wanda ya naɗa shi ne kawai zai iya tsawata masa, sai kuma bakin jama'a. Wato aiki uku aka haɗa wa mutum ɗaya: lauyan Shugaban Ƙasa, ɗan majalisar zartarwa da jam'iyya ta kawo, da mai gabatar da ƙara a madadin talakawa. Shugaban Ƙasa na iya sallamarsa da sanarwa ta layi biyu. Duk ranar da buƙatar mai gidansa ta ci karo da ta talaka, ba sai an yi duba ba kafin a san inda zai karkata.

Zan kafa hujja da zamanin Abubakar Malami, SAN, ba don wata ƙiyayya ba. Na zaɓe shi ne domin shi ya fi kowa daɗewa a kujerar tun dawowar mulkin farar hula, daga Nuwamban 2015 zuwa Mayun 2023, don haka zamaninsa ya fi na kowa nuna abin da wannan tsari ke haifarwa. Ɗan Birnin Kebbi ne, an haife shi a 1967, ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ya zama lauya a 1992. Ya yi aikin lauyan gwamnati da majistare a Kebbi, ya buɗe ofishinsa a nan Kano, ya samu lambar SAN ta manyan lauyoyi a 2008. Babu mai cewa bai san aikin ba. Amma kafin ya zama minista shi ne mai ba jam'iyyar CPC shawara kan shari'a, kuma a 2014 ya nemi tikitin takarar gwamnan Kebbi a APC, Atiku Bagudu ya kayar da shi. Ɗan siyasa ne ya shiga ofishin, ɗan siyasa ya fito, kuma kundin tsarin mulki bai hana shi ba.

Ƙorafina na farko, wanda ya fi ci mini rai, shi ne yadda aka mayar da umarnin kotu abin zaɓe. Ranar 2 ga Disamban 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya ya ce a saki Sheikh Ibrahim El-Zakzaky da matarsa cikin kwana 45, a biya kowannensu naira miliyan 25. Ba a sake su ba. Suna tsare har 28 ga Yulin 2021, ranar da Babbar Kotun Jihar Kaduna ta sallame su. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa ba sa ga maciji da malamin da tafiyarsa, kuma ba na neman kowa ya sauya ra'ayi. Alƙali ne ya yi magana, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, babban jami'in shari'arta kuma yana zaune. Haka Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro: kotuna daban-daban sun ba shi beli, kotun ECOWAS ta ce a Oktoban 2016 tsare shi haramun ne, amma ya ci gaba da zama a hannun DSS. An yi ta gaya mana cewa maslahar ƙasa ta fi haƙƙin mutum ɗaya, har Shugaba Buhari ya tsaya gaban taron ƙungiyar lauyoyi a Agustan 2018 ya ce tsaron ƙasa na gaba da bin doka. Sai ranar 24 ga Disamban 2019, ofishin Antoni-Janar ya ba da umarni, aka saki Dasuki da ɗan gwagwarmaya Omoyele Sowore a yini guda. Ashe takarda ɗaya ce ake buƙata. Takardar da aka iya rubutawa a 2019, me ya hana a rubuta ta a 2016?

Yanzu ku dubi ɗaya gefen. A Dokar Zaɓe ta 2022 kun sa sashe na 84(12), wanda ya hana masu riƙe da muƙaman siyasa shiga zaɓen fitar da gwani suna kan kujera. Ranar 18 ga Maris na shekarar wata Babbar Kotun Tarayya a Umuahia ta ce a goge sashen, ta ɗora wa Antoni-Janar aikin gogewa. A ranar, rana ba ta faɗi ba, ofishinsa ya sanar cewa zai aiwatar. Wata guda bayan haka Malami ya fito neman takarar gwamnan Kebbi, kafin daga baya ya janye. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin na Umuahia a watan Mayu, a watan Yuni kuma Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da shi da Shugaban Ƙasa suka shigar a kan Majalisarku game da wannan sashe. Hukuncin da ya shafi 'yancin mutane ya yi shekara huɗu da rabi ba a waiwaye shi ba, wanda ya buɗe wa ministoci ƙofar takara kuwa bai kwana ba. Ban san abin da ke zuciyar kowa ba, Allah kaɗai Ya sani. Abin da na sani shi ne tsarin da zai sa mutum ya zama mai aiwatar da hukunci a kan dokar da ta tsaya tsakaninsa da burinsa, gurɓataccen tsari ne ko da waliyyi aka ɗora a kai.

Wanda bai damu da El-Zakzaky ko Dasuki ba, ai ya ɗanɗana canjin kuɗi. Gwamnatocin Kaduna, Kogi da Zamfara ne suka kai Antoni-Janar ƙara Kotun Ƙoli. Ranar 8 ga Fabrairun 2023 kotun ta ce a dakatar da wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun 200, 500 da 1,000. Ranar 16 ga wata Shugaban Ƙasa ya fito a talabijin ya ce tsohuwar 200 kaɗai ya yarda ta ci gaba da yawo. Ranar 3 ga Maris kotun ta yanke hukuncin ƙarshe, ta ce tsofaffin kuɗin na nan har ƙarshen shekara, ta kuma kira ƙin bin umarninta alamar kama-karya. Duk da haka sai 13 ga Maris Babban Banki ya buɗe baki, bayan fadar Shugaban Ƙasa ta ce ita ba ta taɓa cewa Antoni-Janar ko gwamnan banki su bijire wa kotu ba. A cikin waɗannan makonni mun ga abin da muka gani: mai tumatir ya zubar da kayansa a kwata saboda babu mai tsabar kuɗi, mai rago a kara ya karyar da farashi, masu POS suna sayar wa mutum da kuɗinsa, marar lafiya na kwance ana jiran tiransifa ta shiga. Wanda ya kamata ya shiga fada ya ce "ranka ya daɗe, kotu ta yi magana, dole a bi", shi ne kuma lauyan da ke kare gwamnati a shari'ar.

Ko maganar Twitter ta Yunin 2021 haka take. Gwamnati ta rufe shafin, ofishin Antoni-Janar ya ce a gurfanar da duk wanda ya ci gaba da amfani da shi, alhali sashe na 36(12) ya ce babu laifi sai wanda rubutacciyar doka ta ambata. Kotun ECOWAS ta ce a Yulin 2022 rufewar ta saɓa doka.

Na biyu, 'yan fansho ba su manta da Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran harkar fansho, ba. An kore shi daga aiki a 2013, EFCC na nemansa ruwa a jallo kan kuɗin fansho, ya bar ƙasar. Kwatsam a 2017 sai ga shi ya dawo aiki a Ma'aikatar Cikin Gida, har da ƙarin girma, bisa wasiƙun da suka fito da sunan ofishin Antoni-Janar. Malami ya shaida wa kwamitin Majalisa cewa lallai ya gana da Maina a Dubai, ya kuma musanta cewa shi ya ba da umarnin a mayar da shi. Da surutu ya yi yawa Shugaban Ƙasa ya ce a sake korarsa, a Nuwamban 2021 kuma kotu ta ɗaure Maina shekara takwas kan halasta kuɗin haram na kusan naira biliyan biyu. Har yau babu wanda aka hukunta kan yadda aka yi mutumin da ake nema ya koma ofis yana sa hannu a takardun gwamnati. Wa zai shigar da ƙarar? Ofishin da ake tambaya a kansa shi ne mai ikon shigarwa, shi ne kuma mai ikon janyewa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, babu kuma wanda doka ta ba ikon ya tashe shi. Dattijon da ya yi wa ƙasa aiki shekara 35, yake bin layin tantancewa da sanda a hannu, shi aka bari da takaici.

Na uku, kuɗi. A ƙarshen 2017 Suwizalan ta dawo da kusan dala miliyan 322 na kuɗin Abacha, waɗanda aka ce an raba wa marasa galihu naira dubu biyar-biyar a wata. A 2020 wasu dala miliyan 311 suka dawo daga tsibirin Jersey da Amurka, aka ware su ga gadar Neja ta biyu, da titin Legas zuwa Ibadan, da namu na Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano. Wannan abin a yaba ne. Amma a kan kuɗin Suwizalan ɗin aka ɗauko wasu lauyoyi biyu na gida da ladan kusan dala miliyan 17, alhali lauyan can, Enrico Monfrini, ya ce shi ya riga ya gama aikin kuma an biya shi. Malami ya kare matakin, ya ce akwai sauran aiki. Wa ya auna? Sai kuma dala miliyan 418 da wasu masu kiran kansu ƙwararrun masu ba da shawara suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi daga kuɗin Paris Club, wato kuɗin da aka mayar musu bayan an cire musu fiye da kima wajen biyan bashin ƙasashen waje. Ƙungiyar Gwamnoni, na APC da na PDP baki ɗaya, ta ce ba ta yarda ba, ta zargi Antoni-Janar da tsaya wa masu neman kuɗin maimakon jama'a. Shi kuma ya ce gwamnonin ne suka ɗauko mutanen tun farko, kuma akwai hukuncin kotu. Ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Na dai san daga inda aka so a cire kuɗin: kason ƙananan hukumomi, inda albashin malamin firamare da maganin asibitin ƙauye ke fitowa.

A tsakiyar wannan ne aka yi rigimar Ibrahim Magu. Takardar ƙorafin Antoni-Janar ce ta kai ga kama muƙaddashin shugaban EFCC a Yulin 2020, aka kafa kwamitin Mai Shari'a Ayo Salami, ya miƙa rahoto a Nuwamba. Kuɗin jama'a aka kashe a kan zaman, magana ce ta kadarorin da aka ƙwato da sunan jama'a, amma gwamnati ba ta taɓa buga rahoton a hukumance ba. Magu bai wanku a idon duniya ba, ba a kuma gurfanar da shi ba. Kowa ya riƙe zarginsa ya tafi gida.

Akwai wata tsohuwar doka da ba a cika jin sunanta a rediyo ba, amma ita ta fi yi wa irin mutanena illa. Sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu, wadda muka gada tun zamanin Turawa, ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan wanda ya ci shari'a ba sai da izinin Antoni-Janar. Na taɓa tsaya wa wani dattijo, ƙaramin ɗan kwangila, da ya kai wa wata hukumar gwamnati a wata jiha kujeru da tebura da kuɗin da ya ranto. Aka ƙi biyansa. Muka yi shari'a, muka yi nasara, hukumar ba ta ko ɗaukaka ƙara ba. Da muka zo karɓar kuɗi sai doka ta ce mu nemi izini daga ofishin da lauyoyinsa suka tsaya wa hukumar a gaban alƙali. Muka rubuta, muka sake rubutawa, shiru. Ranar da na yi masa bayanin dokar, ya dube ni ya ce, "Barista, wato wanda na kayar shi zan roƙa ya yarda ya faɗi?" Ya sayar da filinsa ya biya masu binsa bashi, takardar hukuncin kuma tana cikin jakarsa. Ku tambayi kowane lauya a mazaɓunku, yana da irin wannan labari.

Kada a ce na tsaya a kan mutum ɗaya ko gwamnati ɗaya. Michael Aondoakaa, wanda ya riƙe kujerar zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Babbar Kotun Tarayya a Kalaba ta ce a 2010 bai cancanci riƙe muƙamin gwamnati ba saboda ya yi amfani da ofishinsa wajen hana aiwatar da hukuncin kotu kan wata kujerar Majalisar Wakilai, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a Disamban 2021. Mohammed Bello Adoke, wanda ya riƙe kujerar zamanin Jonathan, ya bar ƙasar bayan 2015, aka kama shi a Dubai a 2019, aka yi ta shari'a kan rijiyar mai ta Malabu, a 2024 kotuna suka sallame shi. Malami kansa, bayan ya koma jam'iyyar ADC a 2025, EFCC ta tsare shi a ƙarshen shekarar ta gurfanar da shi kan zargin halasta kuɗin haram. Ya musanta, ya ce bita-da-ƙullin siyasa ce. Wannan magana tana gaban alƙali, ba zan sa baki ba, kuma ina cikin masu cewa a ba shi duk haƙƙin da doka ta ba wanda ake tuhuma, a bi kowane umarnin kotu a kansa ba tare da jinkiri ba, ko da a zamaninsa wasu ba su samu haka ba. Amma ku lura: rabin ƙasa zai ce siyasa ce, rabi zai ce alhaki ne, kuma duk yadda hukunci ya fito wani ɓangare ba zai gamsu ba, domin wanda ke da iko na ƙarshe a kan ƙarar minista ne a gwamnatin jam'iyyar da Malami ke adawa da ita.

Gwamnati mai ci ma ta nuna mana nata. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka kawo mutanen da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, cikinsu har da ƙananan yara, yawancinsu daga Kano da Kaduna. Wata uku suna tsare. Tuhumar har da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda yunwa, aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Da hotunan suka zaga duniya sai Antoni-Janar Lateef Fagbemi ya karɓi fayil ɗin daga 'yan sanda, Shugaba Tinubu ya ce a sake su, ranar 5 ga wata aka kori ƙarar. Mun gode Allah da aka sake su. Amma ikon sashe na 174 yana nan tun watan Agusta. Bai motsa ba sai da kunya ta isa fada. Yaran da babu wanda ya ɗauki hotonsu fa? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan zaman jiran shari'a suke yi, da yawansu kuma abin da ake jira shi ne shawarar ma'aikatar shari'a, wadda dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a bayar cikin kwana 14. Kwamishinan da ke zirga-zirga tsakanin gidan gwamnati da taron jam'iyya, yaushe zai zauna ya duba fayil ɗin ɗan acaɓa?

Adalci ne in faɗi cewa ofishin ya yi abin kirki a waɗannan shekaru. A zamanin Malami aka ɗaura ɗamarar ƙalubalantar kamfanin P&ID, wanda bashin da yake iƙirarin yana bin Najeriya ya kai dala biliyan 11, har kotun Landan ta rushe shi a Oktoban 2023. Fagbemi ne ya kai gwamnoni Kotun Ƙoli aka samu hukuncin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a Yulin 2024. Sai dai duka biyun aiki ne na lauyan gwamnati, inda buƙatar gwamnatin tarayya da ta jama'a suka zo ɗaya. Matsalar tana fitowa ne ranar da suka rabu.

Wannan gyara ba sabo ba ne a zaurenku. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawararsa. Majalisa ta bakwai ta zartar da shi, jihohi suka amince, a Afrilun 2015 Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu, kuma raba ofisoshin na cikin dalilan da ya lissafa. Ya dawo a 2017, ya sake dawowa a 2022, bai zama doka ba. Masu adawa da shi kan ce Shugaban Ƙasa na buƙatar lauyan da ya amince da shi. To ya samu mana, ga Ministan Shari'a nan, ya naɗa wanda ya ga dama. Wasu kan ce Antoni-Janar mai cin gashin kansa zai zama dodo. Kenya ta amsa wannan a kundinta na 2010: mai gabatar da ƙararraki na ƙasa yana yin wa'adi ɗaya na shekara takwas, ba ya karɓar umarni daga kowa, amma ba zai janye ƙara ba sai da izinin kotu. Ghana kuwa ta yi gyaran rabi da rabi a 2017, ta kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ta bar Antoni-Janar yana minista, a Nuwamban 2020 wanda ya fara riƙe ofishin, Martin Amidu, ya ajiye aiki yana zargin katsalandan. Kada mu bi wannan hanya.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku gyara sassa na 150 da 195 a raba kujerun biyu, a tarayya da jihohi. Minista ko Kwamishinan Shari'a ya ci gaba da zama ɗan siyasa mai kula da manufofi, kasafi da kare gwamnati a ƙararrakinta. Ikon gurfanarwa ya koma hannun Antoni-Janar wanda ba shi da katin jam'iyya, mai wa'adi ɗaya da ba a sabuntawa, wanda ba za a cire ba sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa ko ta jiha, kuɗin ofishinsa kuma ya fito kai tsaye daga asusun ƙasa kamar na ɓangaren shari'a. A kuma hana shi tsayawa takara sai bayan wasu shekaru da barin kujerar. Idan aka bar wannan sharaɗi na ƙarshe, sauran duk aikin banza ne.

Ku taɓa sassa na 174 da 211. Duk ƙarar da za a karɓe ko a janye, a rubuta dalili a ajiye gaban alƙali, alƙali ya sami ikon ƙin yarda, wanda aka zalunta kuma a saurare shi. Kowace shekara a kawo wa Majalisa jerin ƙararrakin da aka janye da sunayen waɗanda suka amfana, a buga kowa ya gani.

Sashe na 287 ya riga ya ce dole kowace hukuma ta bi hukuncin kotu, amma bai faɗi abin da zai sami wanda ya ƙi ba. Ku sa masa hukunci: jami'in da ya ƙi sakin wanda kotu ta ce a saka, ya biya diyya daga aljihunsa, ya kuma rasa kujerarsa. Sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci kuwa ba ya buƙatar amincewar jihohi 24 kamar gyaran kundin tsarin mulki, doka ce ta yau da kullum da za ku iya sokewa a zama ɗaya. Ku soke shi, ko aƙalla ku ce idan wata guda ya wuce babu amsa, an ɗauka an ba da izini.

Ku nemi fadar Shugaban Ƙasa ta miƙo muku rahoton Salami a buga shi. Ku tilasta a buɗe rajistar duk kuɗi da kadarorin da aka ƙwato tun 1999: nawa ne, daga wa, wa ya saya, nawa aka biya lauyoyi da dillalai.

Sannan mun san inda irin wannan ƙuduri ke mutuwa. Babu gwamnan da ke son Antoni-Janar ɗin jiharsa ya fi ƙarfin wayarsa, kuma majalisun jihohi da yawa sai abin da gidan gwamnati ya ce. Don haka ku fitar da wannan ƙuduri shi kaɗai, kada a cusa shi cikin wani. Ku sanar da ranar ƙuri'a tun da wuri. Bayan an kaɗa, a buga sunan kowane sanata, kowane ɗan Majalisar Wakilai da kowace majalisar jiha, da abin da suka zaɓa, a kuma karanta a gidajen rediyo da Hausa da sauran harsunan ƙasa kafin zaɓen 2027.

Allah Ya taimake ku, Ya sa ku gama lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani lauya mai zaman kansa,
Kano.